Zuwa ga abokan cinikinmu na Gusau da kewaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu mata, hajiyoyinmu, alhazai da sauran 'yan'uwa masu hulɗa da shagonmu, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Rubuta wasiƙa ba ɗabi'armu ba ce. Tun zamanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, in magana ta taso a cikin shago ake kashe ta, ga sikeli ga mai kaya. Sai dai abin da ke dawo mana a kunne kwanan nan ya fi ƙarfin a bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ana cewa mun tsawwala kuɗi, ana cewa mun riƙe wa mutane kaya, har ma an ce wai gwal ɗinmu ba kamar na da ba ne. Wannan ta ƙarshen ita ta hana mu barci.

Mu fara da farashi, tunda shi ke bakin kowa. Wallahi ba mu ke yanka wa gwal kuɗi ba, ba kuma 'yan kasuwar Kano ba. A kasuwar duniya ake sa shi, da dalar Amurka, a kan awon da suke kira oza, wato giram 31.1. A watan Agustan 2020 ne oza ta fara haura dala 2,000, aka yi ta mamaki. A Maris na 2025 ta wuce 3,000, zuwa Oktoba ta tsallake 4,000. Ga kuma naira. A 2020 dala ba ta fi kusan naira 500 a wajen 'yan canji ba, amma tun da aka saki naira a Yunin 2023 take ta gudu, har ta haura 1,500 a 2024. Duk mai waya ya buga lissafin da kansa: dala 4,000 a raba gida 31.1, giram ɗaya na tsantsar gwal ya tashi sama da dala 128. Ko a naira 1,400 aka ɗauki dala, giram ɗin karat 21, wato mai kashi 21 cikin 24 na tsantsar gwal, ya wuce naira 150,000, tun ba a sa kuɗin aiki ba, ba a sa na ɗauko shi ba, ba a sa ko kwabo na ribarmu ba. Giram ɗin da a 2020 bai fi naira 30,000 da 'yan kai ba ke nan. Wanda bai yarda da mu ba ya duba nisabin zakka da malamai ke fitarwa. Dinari 20 ne, giram 85, bai ƙaru ba bai ragu ba, amma kuɗinsa a naira kullum sama yake yi. Haka rubu'in dinari na mafi ƙarancin sadaki. Su ma malaman tsawwalawa suka yi?

Akwai masu ce mana, to ai a Zamfara ake haƙo shi, ga Anka ga Maru ga Bukkuyum, me ya haɗa mu da dala? Mun sha amsa wannan har baki ya gaji. Wanda ya wanke ƙasa ya samu giram biyu a daji, shi ma da waya a hannunsa, ya san abin da ake saye a Dubai a wannan rana, kuma ba zai rage maka sisi don kai ɗan gari ne ba. Ɗanyen gwal ɗin fita yake yi, a tace shi a can, a ƙera shi a can, ya dawo mana sarƙa da ɗan kunne da kuɗin jirgi a kansa. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar nan a Afrilun 2019, sai a Disamban 2024 aka ɗage, kuma ko a lokacin hanin ko bayansa ba mu ga sauƙin naira ɗaya ba. Mu dai ba ma sayen ɗanye, ba mu taɓa saye ba. Mahaifinmu ya hana tun kafin abin da ya faru a 2010, da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, balle yanzu da ba ka san hannun da ya biyo kafin ya iso gare ka ba.

Sai maganar waɗanda suka ba da kafin alƙalami tun watannin baya, har yanzu kaya bai iso ba. Mun san akwai masu biki a gaba, akwatunan lefe sun cika saura saitin gwal, dangin miji suna ta tambaya. Abin da ya faru shi ne, mutumin da ke kawo mana kaya daga Dubai ta Kano, wanda muka daɗe muna hulɗa da shi bisa amana, ya canja tsari ba tare da ya ba mu lokaci ba. A da yakan ba mu kaya mu sayar mu biya. Yanzu ya ce sai kuɗi a ƙasa, cif, kuma farashin da ya faɗa da safe ba lallai ya kai la'asar ba. Ba mu ga laifinsa sosai ba, shi ma can haka ake yi masa, amma da ya sanar da mu da wuri da ba mu karɓi oda a tsohon farashi ba. Ga hanya. Kowa ya san halin da hanyar Funtuwa take ciki daga Tsafe zuwa gaba. Ba kowace rana ake ɗauko irin wannan kaya ba, ba kowace mota ake shiga da shi ba, kuma ba za mu tura ɗan mutane ya sa ransa a haɗari don sarƙa ba. A kan wannan duka, mai shagon da muke haya ya yi mana ƙarin da ba mu taɓa gani ba, ya ce kuma shekara biyu yake so a dunƙule. Man janareta da bai kai naira 200 lita ba a farkon 2023 sai da ya haura 1,000 a 2024, alhali shagon gwal ba ya zama a duhu, injin goge kaya ma ba ya tashi sai da wuta. Ba kuka muke kawo muku ba. So muke ku san inda abin ya tsaya.

Kuɗin kowa yana nan a rubuce, da rana da adadi. Muna kan magana da wasu hanyoyin, kuma in Allah ya yarda ba da jimawa ba za a ji daga gare mu. Wanda bikinsa ya matso ya zo mu zauna, ba za a rasa yadda za a yi ba.

Biya kaɗan-kaɗan kuwa mun dakatar da shi, kuma mun san wannan ya ɓata wa da yawa rai, musamman iyayenmu masu zubin adashi da ke kawo kwasarsu nan. Ku duba mana. Uwa ta zaɓi saiti mai giram 20, aka yanke kuɗi, muka cire shi daga gilashi muka sa a ambulan da sunanta. Tana kawowa a hankali, wata shida, wata takwas. Ran da ta cika muka miƙa mata da murna, muka juya za mu mayar da gurbinsa, kuɗin nan ba su sayi giram 15 ba. Sau nawa jari zai ɗauki wannan? Kuma dama malamai sun daɗe suna yi mana nasiha cewa cinikin zinare da azurfa hannu da hannu ne, a ba da kuɗi a karɓi kaya a zama ɗaya. Haka musanyen tsoho da sabo: sai dai mu sayi tsohon mu biya, sannan a yi cinikin sabon daban. Muna duba wani tsari da zai sauƙaƙa wa masu tarawa ba tare da an shiga haƙƙin kowa ba, in ya kammala za mu sanar.

Yanzu ga wadda ta fi yi mana ciwo. Duk wadda ke da shakka a kan abin da ta saya a wajenmu, ko na shekara goma ne, ta ɗauko shi da rasidinsa, in ya ɓata ma ta zo haka nan, mun san aikinmu. A gabanta za mu ɗora a sikeli. A gabanta za mu goga shi a baƙin dutsen gwaji, ya bar zane siriri mai ruwan ɗorawa, mu ɗiga ruwan gwaji a kai. In wanki ne aka yi wa ƙarfe, nan take zanen zai narke ya ɓace. In gwal ne zai tsaya yana kallonki. Ki juya maƙullin sarƙar ki duba lambar da aka buga: 750 karat 18 ne, irin na Italiya, 875 karat 21 ne, wanda aka fi sani da ɗan Saudiyya da ɗan Dubai, 916 kuma karat 22. Lambar kaɗai ba hujja ba ce, masu jabu ma sun iya bugawa, shi ya sa muke cewa a zo a gwada. In ba a yarda da dutsenmu ba a kai wa kowane maƙerin farfaru a garin nan. Gani ya kori ji. Ita kuma wadda ta kawo sayarwa ta ga kuɗin bai kai yadda take zato ba, ba tauye ta aka yi ba. Kuɗin aiki ba ya dawowa, duwatsun ado kuma cire nauyinsu ake yi, ko'ina haka ne har Makka.

Alhazanmu masu tara tsofaffin sulalla, ba mu manta da ku ba, ko da yake akwatin nan naku ya yi sauƙi kwana biyu. Azurfa ma ta tashi, ta haura dala 50 a oza a Oktoban 2025, sai ga shi mutane suna kwasar na gado suna kai wa maƙera a narke. Abin yana ba mu takaici. Sule da fataka na azurfa da Turawa suka fara bugawa a 1913, masu kan Sarki Joji na Biyar da bishiyar kwakwar manja a baya, daga 1920 aka koma yin su da tagulla, don haka na azurfar ba su da yawa, wanda aka narke kuma ya tafi ke nan. Liyari mai hoton Mariya Teresa ta Ostiriya, wanda kakanninmu mata ke ratayawa, giram 28 ne. Kada wani ya ruɗe ku da 1780 da ke jikinsa, shekarar rasuwarta ce, kuma duk wanda aka buga bayan nan ita aka ci gaba da sa masa. Fam ɗin gwal na Ingila giram 7.98 ne, karat 22, in ya gaza haka da yawa a yi hattara. Kwabo mai huji da anini kuwa abin tarihi ne, babu azurfa a cikinsu, ko nawa aka ce muku. Masu neman sisin gwal na sadaki, shi ma sai an yi haƙuri, hanya ɗaya suke biyowa da sauran kaya. Don Allah wanda ya gaji irin waɗannan, kafin ya kai wuta ya kawo mu gani, ko ba mu saya ba mun san masu so.

Godiyarmu ba ta da iyaka ga waɗanda suka tsaya da mu. Hajiyarmu ta Tudun Wada, da mahaifinmu ya auna mata 'yan kunnen aurenta, mu kuma muka auna na 'ya'yanta, bana ga jika, ko sau ɗaya ba ta ce a sake ɗorawa a sikeli ba. Baba Alhaji na Kauran Namoda da ke kawo sulallansa a tsohon gwangwanin alewa, ya zauna a yi ta hira ko ba a yi ciniki ba. Malaman makaranta mata na Samaru da suka ji maganar da ake yaɗawa suka kira mu kai tsaye suka tambaya. Mutanen Talatar Mafara da Gummi da Shinkafi masu aiko da kuɗi kafin su ga kaya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Waɗanda kuma suka koma wani wuri, ba mu riƙe kowa a zuci ba, kasuwa ta Allah ce. Muna dai roƙon in an tashi ba da labarinmu a faɗi abin da aka gani da ido.

Shago yana buɗe kamar kullum, daga safe zuwa la'asar sakaliya, ban da lokacin sallar Juma'a. Gwaji da awo kyauta ne. Masu kafin alƙalami su taho da takardarsu.

Wassalam,
Naku, 'ya'yan gidan da ma'aikatan shago,
Gusau, Jihar Zamfara.