Ga Mai Niyyar Ɗauko Ƙaramin Kare Mai Ƙiwa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in ja hankalin masu zuwa gidajen ajiye dabbobin da aka ceto don ɗauko ƙaramin kare mai ɗari-ɗari da mutane. Niyyar tana da kyau, sai dai sau da yawa ba a rufa mako biyu sai a mayar da karen wai ya ƙi sabo, ko ya yi cizo, ko kuma ya kuɓuce ya shiga duniya. Galibi ƙanƙantarsa ce ke ja masa. Babban kare in ya tsorata, girmansa kaɗai ya isa a ba shi wuri. Wanda bai wuce kilo 4 ko 5 ba kuwa, sai a sunkuya a sure shi, a rungume, a miƙa wa baƙo, babu mai duba ko ransa yana so.

Tun kafin a baro gidan ajiyar a nemi takardar rigakafinsa, musamman ta ciwon haukan kare da ta cututtukan karnuka masu yaɗuwa da ake kira fabo da distamfa, a ji ranar da aka ba shi maganin tsutsa da na kaska da ƙuma, da irin abincin da yake ci. A kuma tambayi ma'aikacin da ke kula da shi kullum abin da ya fi firgita shi: maza ne, yara ne, tsintsiya ce ko ƙarar mota. In an sa masa ƴar na'urar shaida ta ƙarƙashin fata, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba, a sauya bayanan da ke kanta zuwa sunan sabon mai shi a ranar.

Haɗarin farko shi ne gudu. Kare mai tsoro in ya razana baya yake ja, ya sunkuyar da kai, ya zame daga abin wuya cikin ƙiftawar ido. Saboda haka a haɗa masa biyu, ɗamarar ƙirji da abin wuya, kowanne da igiyarsa, a ɗaure yadda yatsu biyu kawai za su shiga. Ja ya kasance ta ɗamarar, domin ƙananan karnuka na da saurin samun rauni a maƙogwaro, wanda ke sa su tari mai kama da kukan dinya. Igiya mai tsawon mita 1.5 zuwa 2 ta wadatar. Irin mai naɗe kanta ɗin nan ba ta dace ba: in ta suɓuce ta faɗi, mariƙin zai riƙa ƙara yana bin karen a baya, shi kuwa ya ƙara wuta. A kawo shi gida cikin keji, kuma kada a buɗe sai an rufe ƙofa.

A gida a ware masa ɗaki ɗaya marar hayaniya. A ajiye kejin a lungu, ƙofarsa a buɗe, a lulluɓe gefe uku da mayafi, ruwa da abinci kusa. Duk lokacin da ya shiga ciki, ya shiga ke nan. Ba a zura hannu a jawo shi, ko da yaran gida sun matsu su gan shi. Kwanakin farko babu baƙi, babu wanka, babu yawo mai nisa. Zai iya wuni a ƙarƙashin gado, sai dare ya raba ya fito ya ci. Wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ƙaramin kare ba shi da ajiya a jiki, sukarin jininsa na saurin faɗuwa, don haka in ya yi yini da kwana bai ɗanɗana komai ba, ko yana amai da gudawa, a kira likitan dabbobi. Abinci kuma a ci gaba da wanda ya saba, a sauya a hankali cikin kwana 7: kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, sai rabi, sai uku cikin huɗu. Sauyawa farat ɗaya kan kawo zawo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne karanta jikinsa. Kare ba ya cizo haka kawai, sai ya yi ta magana ba a ji ba. Da farko zai lashi hanci alhali babu abinci, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai. In an ci gaba da matsowa, kunnuwa su kwanta, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, farin idonsa ya bayyana a gefe. Daga nan sai ya sandare ƙam. To, wannan sandarewar ce mutane ke ɗauka ladabi ne, har ka ji ana cewa "ga shi ya yi luf a hannuna", alhali dabbar ta rasa mafita ne, zuciyarta na bugawa. Haka ma in ya kwanta ya nuna ciki jiki a ƙage, roƙo yake a ƙyale shi, ba susa yake nema ba. Bayan wannan sai gurnani. Kada a taɓa tsawata masa ko a buge shi don ya yi gurnani. Wanda aka hana shi gurnani tsoronsa na nan, gargaɗin kawai ya daina, gobe sai dai a ji haƙori.

Yadda ake jawo shi kuwa ba wuya, sai dai yana cin lokaci, kuma garaje ba ƙarfi ba ne. A zauna a ƙasa a ba shi gefe, kada a tsura masa ido, kada a miƙa hannu ta saman kansa. A yanka dafaffen naman kaza ƙanana kamar ƙwayar wake, a riƙa jefa masa ɗaya-ɗaya. Dabarar a nan ita ce a jefa ta bayansa, ba a gabanka ba. In ka riƙe a tafin hannu, kwaɗayi zai kawo shi inda zuciyarsa ba ta kai ba, ya hadiye, ya ɗaga kai ya gan ka dab da shi, ya firgita. In ya tafi baya ya ɗauka, da ƙafarsa zai dawo. Minti 5 sau biyu ko uku a rana ya isa, kuma irin wannan toshi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa. Ranar da ya zo da kansa, a sosa masa ƙirji daƙiƙa uku a janye hannu. In ya matso, a ƙara. In ya tafi, a bar shi. Cakulan, inabi, zabibi, albasa da tafarnuwa guba ne gare shi, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da mai ƙaramin jiki.

Fitsari a ɗaki zai faru. A fitar da shi wuri ɗaya duk bayan awa 2 zuwa 3, da bayan barci da cin abinci. Wanda ke ɗigar da fitsari in an sunkuyo kansa tsoro ne ya sa shi, faɗa kuma ƙara shi yake.

Masu wannan aiki na da wani ƙiyasi: kwana 3 kafin ya huce, mako 3 kafin ya gane tsarin gida, wata 3 kafin ya saki jiki. Ƙiyasi ne kawai. Karen da bai yi cuɗanya da mutane ba tsakanin mako 3 zuwa 14 na haihuwarsa zai iya shekara yana ƙiwar baƙi, wani ma har abada da mutanen gida kaɗai zai yarda. A kai shi likita cikin makon farko, don ciwon haƙori da gocewar ƙoƙon gwiwa sun yi yawa a ƙananan karnuka, kuma ciwo kan fito da siffar tsoro.

In ƙaddara ta sa ya kuɓuce, kada a bi shi da gudu ko a taru ana kwala masa kira. A ajiye shimfiɗarsa da ruwa da abinci mai ƙamshi a inda aka yi masa ganin ƙarshe, a sanar da gidan da aka ɗauko shi, a riƙa leƙa wurin da asuba da almuru.

Na gode.

Daga wani mai karatu