Wasiƙa daga unguwar Bronx ta birnin New York a Ranar Godiya

Assalamu alaikum Inna da Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya hunturu, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, alhamdulillahi, sai sanyi da gajeriyar rana, don yanzu wajen huɗu da rabi muke sallar magariba.

Yau babu aiki. Alhamis ta huɗu ce a watan Nuwamba, ranar da Amurkawa ke bikin godiya. Inna, ba mu taɓa waya ba ki tambaye ni abin da mutanen nan ke ci ba, Auta kuma ya nace wai gaskiya ne ba su san zumunci ba? Layi ba ya barin mu doguwar magana, shi ya sa na zauna na rubuta.

Asalin bikin suna mai da shi 1621, lokacin da Turawan Ingila da suka sauka a Plymouth, a gaɓar tekun gabashin Amurka, suka yi girbin farko, suka ci tare da 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Wampanoag, waɗanda suka koya musu noman masara. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da ita ranar ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsaka da yaƙin basasarsu. Sai dai tun 1970 jikokin 'yan asalin nan ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna zaman makoki, saboda ƙasarsu da aka ƙwace daga baya. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Wata abokiyar aikina, baƙar fata, dattijuwa, ita ta gayyace ni gidanta, tun da sauran mako uku. 'Ya'yanta sun zo daga jihohi daban-daban, wani ma kwana ya yi yana tuƙi. Ka ji amsarka, Auta. Filayen jirgi da manyan hanyoyi cushewa suke yi a makon nan, kowa ya nufi gidan uwarsa.

Sarkin teburin talotalo ne, guda sukutum, ana gasa shi a tanda kusan awa huɗu, a cusa masa burodi da albasa da ganyayyaki a ciki. Da ta ji ba na cin abin da ba yankan Musulmi ba, matar nan da kanta ta je shagon halal ta sayo. Akwai wani ganye mai kauri da suka saba dafawa da naman alade, sai ta dafa shi da ƙyafaffen talotalo saboda ni, ta kuma jawo ni kicin ta buɗe tukunyar ta nuna mini don hankalina ya kwanta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Baba, kada ka damu, ina tambaya kafin na ci komai, don alade a nan har cikin wake da alawa yakan ɓuya.

Ga dankalin Turawa da aka dafa aka tuƙa da madara da man shanu, ga makaroni da cuku, ga burodin masara, ga wani jan abu mai tsami da zaƙi da suke yi da 'ya'yan itacen cranberry suna ci da nama. Inna, kabewar nan da kike zubawa a miyar taushe, su da sukari da ƙwai da kirfa suke haɗa ta, su gasa a kan fulawa, a ci bayan abinci. Da daɗi, amma barkono ne babu a komai. Kafin a fara ci sun riƙe hannun juna, kowa ya faɗi abin da ya gode wa Allah a kai a shekarar. Da aka zo kaina na ambaci lafiyarku.

Ta ce mini a ranar sabuwar shekara wake da shinkafa suke ci, waken nan namu mai baƙin ido, kuma mutanen jihar Luwiziyana suna miya da kuɓewa. Da waken da kuɓewar duk daga Afirka suka zo, zamanin cinikin bayi. Mun daɗe muna wannan hira ni da ita, har maza suka gama kallon ƙwallonsu.

Halayensu na yau da kullum sai da haƙuri. Ba a faɗo wa mutum gida haka kawai, ko ɗan'uwansa ne sai ya buga waya. In an ce ƙarfe biyu, to biyun ake nufi. Mutum zai tambaye ka ya kake yana tafiya, bai tsaya jin amsa ba. Yaro ya miƙo maka abu da hagu, ya kalli tsabar idonka yana magana, a wurinsu ladabi ne da gaskiya. Wanda har yau bakina ya kasa shi ne kiran babba da sunansa gatsau. Ita dai Mama nake ce mata, kuma tana jin daɗi. A gidan abinci ana ƙara wa mai kawo abinci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin albashin da yawansu kaɗan ne, da wannan suke rayuwa. Abin da ya rage a faranti kuma a zuba maka a kwali ka tafi da shi, babu kunya. Ni ma da ƙunshina na dawo, zai kai ni Lahadi.

Inna, in an sami mai zuwa a ba shi kuka da yaji. Kada a sa kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za a karɓe. A gaida Gwaggo da Kawu da Yaya da yara, Auta kuma ya riƙe karatu. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarku