Bayanin kwamiti kan kuɗin ginin ɗakunan karatun yaranmu masu jinkirin fahimta a Tawa

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, na gida da na ƙetare.

Tun ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, da muka buɗe ɗakunan nan, saƙonni ba su yanke ba a zaurenmu na WhatsApp. Wasu sun yi tambaya cikin mutunci, wasu kuwa maganarsu da ƙaya: an yi mana alkawarin ɗaki uku, ga biyu, ina sauran kuɗin? Wanda ya ciro daga aljihunsa ya ba da yana da ikon tambaya, ba mu ji haushin wannan ba. Abin da ya sosa mana rai shi ne raɗe-raɗin cewa wai wani a cikinmu ya gyara gidansa da simintin yara. Mu bakwai ne a kwamitin, biyar daga cikinmu ƴaƴanmu na cikinmu ne ke zama a ɗakunan nan. Allah shi ne shaida.

Abin da ya shigo hannunmu duka miliyan 11 ne da jika 400 na sefa. Fili kyauta muka samu. Tun zaman farko aka yarda a yi da bulon siminti, a rufe da tol, wato kwanon rufi, a sa rumfa a gaba. Ɗakuna biyu da rumfar sun ci miliyan 6 da jika 200. Rufin ciki ya ci jika 900, kuma ba mu yi nadamarsa ba, domin akwai yaran da ƙarar ruwa a kan tol ke firgita su har su toshe kunnuwa suna buga kai da bango, ga kuma zafin bazarar Adar da kowa ya sani. Jawo famfo, tabarmi, kujeru da allo sun ci jika 600.

Kuɗin ɗaki na uku wuri biyu suka tafi.

Na farko ruwa ne. Kowa ya ga daminar 2024, wadda ta rusa gidaje ko'ina a ƙasar nan, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A wani dare na watan Agusta ruwan da ya gangaro daga layin sama ya bi ta ƙarƙashin harsashin bangonmu na gabas, ya kwashe ƙasar. Da gari ya waye muka tarar bangon ya tsage tun daga taga har ƙasa, mutum na iya zura hannunsa a ciki. A nan akwai laifinmu, ba za mu ɓoye ba: ba mu haƙa magudana ba kafin damina, mun ce sai an gama rufi. Wasu sun ba da shawarar a cike tsagar, a shafe da siminti, a wuce. Mun ƙi. Ɗakin da za a zaunar da yaron da ba zai iya tashi ya gudu ba in abu ya faru, ba a yi masa kwaskwarima. Muka sa aka rushe bangon, aka sake haƙa harsashi mai zurfi da rodi, aka fitar da magudana ta bayan ginin. Wannan ya ci miliyan 1 da jika 350.

An kuma ce don me muka sayi simintin gyaran a watan Satumba, alhali a watan Oktoba gwamnati ta rage farashinsa. Ƴan uwa, wa ya san gaibu? Katakon rufi na rataye a kan bango uku, sama kuma ba ta daina zuba ba. Da mun san ragi na tafe ma, ba mu ga yadda za a yi jira ba.

Na biyu shi ne ban-ɗaki, kuma a kansa aka fi surutu. Miliyan 2 da jika 100 ya ci. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya ce mana, “Haba yara, shadda ce kuka gina ko ɗakin amarya?” Baba, ga amsarmu. Irin shaddar da muka saba, rami a ƙuryar fili cikin ɗan ɗaki mai duhu, tana yi wa yawancin mutane. Ba ta yi wa yaranmu. Bakwai daga cikin yara 19 da ke zuwa yanzu suna da farfaɗiya, kuma ba ta sallama kafin ta zo. Shi ya sa ƙofofin suke buɗewa ta waje, don in yaro ya faɗi a bayan ƙofa a iya cim masa. Faɗin kowace ƙofa santimita 90 ne saboda keken guragu ya shige. Babu matakala, gangara ce mai sauƙin hawa. An kafa ƙarfen riƙewa a bango, an sa mazauni, an shigar da famfo ciki, an bar wurin da zai ɗauki mutum biyu, yaro da mai taimakonsa. Na ƴan mata daban, na maza daban, kuma dukansu malama na hango ƙofarsu daga rumfa. Iyaye mata sun san dalilin wannan ba sai mun faɗa ba.

A wurin waɗannan yara, koyon kama ruwa shi ne karatun farko, kafin baƙi da wasali. Akwai wata yarinya ƴar shekara 11 da uwarta ba ta taɓa zuwa biki ko kasuwa hankali kwance ba, kullum tana gida tana wankin zane. Sati shida malama na riƙe da hannunta, tana nuna mata hoton buta da aka manna a ƙofa, mataki bayan mataki. Rannan muna zaune a rumfa yarinyar ta miƙe da kanta, ta ɗauki buta, ta shiga, ta fito ta wanke hannu. Uwar ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce a yi gine-gine yadda za su iya shiga su yi amfani da su. In mu iyayensu ba mu fara ba, wa za mu jira?

Jika 250 suka rage, suna hannun ma'aji. Rasit ɗin kowane buhu da kowane ƙarfe yana nan. Duk Asabar bayan la'asar littafin kuɗi na buɗe a rumfa, na ƙetare kuma mu ɗauki hotonsa mu aika musu.

Godiyarmu ba ta da iyaka ga Alhajin da ya ba da filin, ya kuma hana a ambaci sunansa. Da ya sayar da shi, da ya yi jari babba. Allah ya gina masa gida a Aljanna, ya jiƙan mahaifansa. Ƴan uwanmu na Abijan, waɗanda suka haɗa fiye da rabin kuɗin nan daga gumin talla da tsaron shago, Allah ya tsare ku, ya dawo mana da ku lafiya. Hajiyarmu da ta ciyar da magina har aka tashi aiki ba ta karɓi ko dala ba, Allah ya saka mata. Haka limaminmu, wanda ya tsaya a huɗuba ya ce waɗannan bayin Allah ba ƴan ruwa ba ne, ba kuma alhakin kowa ba ne ya kama su, ya ambaci sanƙarau, da zazzaɓin da ke hawa kai, da doguwar naƙuda. Bayan huɗubar nan gida huɗu suka fito da yaran da suka daɗe a ɓoye.

Sai dai har yau ba mu da katanga. Filin a buɗe yake, kuma wasu yaranmu ba su san haɗarin mota ba. Satin da ya wuce malama ta juya ta ba wani ruwa, kafin ta waigo wani yaro ya fice, sai dab da bakin titi wani mai shayi ya riƙo shi. Yanzu iyaye mata biyu ke zaman gadi kowace safiya, suna barin sana'arsu. Magini ya ƙiyasta katanga da ƙofar ƙarfe a kan miliyan 2 da jika 300. Ɗaki na uku zai iya jira, wannan ba za ta jira ba, kuma muna so a gama ta kafin ruwa ya sauka. Mai buhun siminti ɗaya ya kawo, mai bulo goma ya kawo, mai amalanke ya taimaka da ɗibar yashi. Matasan unguwa sun yi alkawarin haƙa harsashi kyauta, ranar da siminti buhu 30 na farko ya taru za su fara.

Wassalam,
Kwamitin gini.