Godiya ga shagon kafinta da walda da ya yi wa tsohon karena katakon hawa

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan shagon kafinta da walda da ke unguwar Sabon Gari a nan Damagaram, da yaran shagonsa baki ɗaya.

Baba, na rubuto wannan wasiƙa a fili, inda kowa zai karanta, domin godiyar da na yi maka a bakin shago ba ta ishe ni ba. Yaba kyauta tukwici. Ban sa sunanka ba saboda na san halinka, ba ka son a riƙa kiran sunanka a taro, amma duk wanda ya taɓa kawo muku gyaran ƙofa ko gado zai gane shagon da nake nufi.

Aikin da kuka yi mini ba babba ba ne a idon mutane. Katako ne guda biyu, dogo da gajere. Dogon don karena Duna ya riƙa hawa bayan mota yana sauka ba tare da tsalle ba, gajeren kuma don ya riƙa hawa gadonsa a garka. Na san akwai wanda zai ce, yanzu a kan kare ake wannan dogon rubutu? A kansa ne, kuma ga dalili.

Duna ya haura shekara goma yana tsaron garkata da tumakina a kan hanyar Mirriya. Uwarsa irin karnukan Azawak ce da Buzaye ke kiwo, shi ya sa ya fito dogo, siriri, mai zurfin ƙirji. Tun yana ɗan kwikwiyo ba a taɓa kwance mini rago da dare ba. Idan layya ta gabato na kwaso ragunan turka zuwa gari, tare da su yake tahowa a bayan mota, ya kwana a bakin garke har a sayar da na ƙarshe. A da, kafin in gama buɗe marfin bayan mota ya riga ya dira ciki. Daga hunturun da ya wuce abin ya canza. Da safe sai ya jima kafin ya miƙe, ƙafafun baya a sandare. Ya zo gindin mota ya ɗora ƙafafun gaba a kan marfi, ya yi ta kuka ƙasa-ƙasa yana dubana, ya kasa ɗaga sauran jikinsa.

Likitan dabbobi ya duba shi ya ce ciwon gaɓoɓi ne irin na tsufa, ba ya warkewa gaba ɗaya, sai dai a sassauta masa. Ya ce babban abin da za a hana shi shi ne tsalle, musamman na saukowa, domin kare yana ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, kuma duk dirowar da zai yi a kansu nauyin ke sauka. Ya kuma ja mini kunne sosai a kan kada in ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Irin su ibuprofen da diclofenac da muke saye a kanti suna iya ɓata wa kare ciki da ƙoda, har su kashe shi. Na sa wannan a nan don masu karnuka su ji, domin tausayi ne yakan sa mutum ya miƙa wa dabba abin da shi yake sha.

Ɗaukarsa a hannu kuwa ba mafita ba ce. Kare mai ciwo idan aka matse shi a wurin da ke masa zafi yana iya kai cizo ko ga ubangidansa. Kuma ko da yake malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, ba kowane yaron garka ne zai yarda ya rungumi kare safe da yamma ba.

A haka na zo muku. Abu na farko da nake gode maka a kai, Baba, shi ne ba ka yi dariya ba. Wani da ke zaune a kan benci yana jiran aikinsa ya yi, har ya ce abin duniya ba ya ƙarewa, yau kare ake yi wa gada. Kai kuwa ko ɗaga kai ba ka yi ba, ka ce masa ai malamai sun karantar da mu labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a cikinsa ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai. Daga nan ka ɗauki mitar awo ka ce mu je wajen motar.

Wannan awon shi ne ya raba aikinku da na wasu. Da yawa za su ɗauko falanki ɗaya wanda zai shiga bayan mota, su buga masa ƙusoshi su miƙo. Kai ka fara auna daga ƙasa zuwa bakin marfi, ya ba da santimita 80. Ka ce tsayin wurin da za a hau shi ne ke yanke tsawon katako, ba faɗin motar ba. Likita ya riga ya gaya mini cewa gangarar da ta dace tana tsakanin digiri 18 zuwa 25, kuma tsohon kare ya fi son ta ƙasa-ƙasa. Kai ba da digiri ka yi lissafi ba. Ka ce a ninka tsayin sau biyu da rabi ga kare mai ƙarfi, sau uku ga mai ciwo. Da ɗana da ke karatu a jami'ar André Salifou ya buga lissafin, sai ga shi ninki uku ya faɗa wajen digiri 19 da ɗoriya, ninki biyu da rabi kuma wajen 24. Falankin mita ɗaya da rabi da ya fi sauƙin ɗauka, da shi aka sa, da gangarar ta haura digiri 30, wato kare mai ciwon ƙugu zai riƙa turawa da ƙafafun da suka fi masa zafi. Saboda haka kuka yanka mita 2 da santimita 40.

Katako mai wannan tsawo ba zai kwanta a bayan motata ba, sai kuka raba shi biyu kuka haɗa da hinji, yana naɗewa ya koma mita 1 da santimita 20. Na tsaya na ga yadda babban yaronka ya ɗaura hinjin ta ƙasa, yadda idan nauyi ya hau, bakin katakan biyu za su ƙara matsewa maimakon su buɗe. Ya kuma sa sakata a gefe. Sannan ya bi mahaɗin da yatsa yana neman ramin da farcen kare zai iya maƙalewa, ya samu ɗan tsagi, ya kwance ya sake. Ban ce masa komai ba, shi ya gani da kansa.

Sai maganar abin da za a taka. Mai waldarku ya so a shimfiɗa farantin ƙarfe don ya fi ƙarko, ka ce a'a, ka tambaye shi ko ya taɓa dafa marfin mota da azahar a watan Afrilu. Duk wanda ya san bazarar Damagaram, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san ƙarfen da ya sha rana yana ƙona tafin ƙafa, kuma kare ba ya sa takalmi. Sai aka bar ƙarfe a matsayin ƙashin aikin kawai, bututu mara nauyi ta ƙasa, aka shimfiɗa katako a sama. A kan katakon kuka manna roba da aka yanko daga tsohuwar taya wajen masu yin takalma da guga a kasuwar Dole, kuka gicciya ƙananan sanduna tsakaninsu kamar taƙi ɗaya, don ƙafa ta samu abin tokarewa. Faɗinsa santimita 45, da ɗan baki a kowane gefe yadda ƙafar baya ba za ta zame waje ba. Kawunan ƙusoshi duk an nutsar da su, an goge kowace kusurwa.

Abu biyu kuka ƙara waɗanda ban roƙa ba. A saman katakon kun lanƙwasa ƙarfe kamar ƙugiya wanda ke kama bakin marfi, a ƙasansa kuma kun sa roba mai faɗi don kada ya nutse cikin rairayi ko ya zame a kan tsakuwa. Ka ce mini kare zai iya jure gangara, amma ba zai jure abin da ke motsi a ƙarƙashinsa ba. Idan ya girgiza da shi sau ɗaya, ba zai sake yarda ya taka ba. Kafin ku ba ni, yaronku ƙarami ya hau ya sauka a kai, ya tsaya a tsakiya ya yi rawa, ko lotsawa bai yi ba.

Na kuma gode da ka hana a shafa masa baƙin mai. Mu nan mun saba, duk katakon da zai zauna a garka sai a shafe shi da tsohon man inji don gara. Ka ce dabba za ta taka ta lashe ƙafarta, kuma wannan mai guba ne. Fenti kuka yi wa ƙarfen, kuka ce in jingine katakon a inuwa, kada in bar shi kwance a ƙasa.

Gajeren bai ba ku wahala ba. Duna yana kwana a kan wani ɗan gadon itace a ƙarƙashin rumfa, tsayin santimita 40, saboda sanyin ƙasa da kunama. Na tambaya ko a yi masa matakala mai hawa biyu, ka ce kowane hawa ƙaramin tsalle ne, gara shimfiɗaɗɗe. Mita 1 da santimita 20, ba naɗewa, an ɗaure shi a jikin gadon.

Koya masa hawa ne ya ɗauki haƙuri. Ranar farko ya shinshina ya ja da baya. Yaronku ne ya ba ni dabarar da ta yi aiki: in shimfiɗa katakon a ƙasa tukuna, in goga masa buhun da karen ke kwana a kai don ya ji warinsa, in riƙa ajiye ɗan nama a tsakiya, sannan a ƙarshe. Da ya saba takawa a kwance, sai na ɗora bakinsa a kan bulo ɗaya, daga baya biyu, kafin a kai ga mota. Ban ja shi da igiya ba, tafiya nake yi a gefensa hannuna a kan kafaɗarsa. Saukowa ta fi ba shi tsoro, yakan so ya yi rabi ya dira, sai in tsaya a gefen da yake son dirowa. Yanzu da ya ji ƙarar sakatar nan sai ya taso ya tsaya a gindin mota yana kaɗa wutsiya, ya hau a hankali, ya juya ya kwanta a kusurwarsa.

Ɗana ya nuna mini irin waɗanda ake sayarwa a intanet, na roba da na alminiyom, wasu suna naɗewa, wasu suna zugewa ciki da waje. Suna da kyau kuma ba su da nauyi, ban raina su ba. Amma da yawansu an yi su ne don ƙananan motoci masu ƙasa da kujerun falo, ba su kai tsawon da motar kaya ke buƙata ba, ga kuɗin kawowa, ga kuma yadda rana ke cinye roba a ƙasarmu. Wanda ya ga zai saya, ya fara auna tsayin motarsa, ya duba nauyin da aka rubuta abin yana ɗauka, ya duba ko samansa yana da santsi. Ni dai na samu wanda aka yanka daidai da motata da karena, a wurin da zan iya komawa gobe idan wani abu ya kwance.

Kuɗin da muka yi magana tun farko shi na biya, ba a ƙara ko dala ba, duk da ƙugiyar da robar ƙasan da kuka ƙara daga baya. Ranar da kuka ce in zo, ranar na same shi a jingine an gama. Masu kai aiki wurin masu sana'a sun san darajar wannan.

Amfanin dogon katakon ma bai tsaya ga Duna ba. Da wani ragona ya gurɗe ƙafa, ta kan katakon muka hau da shi mota zuwa wajen likita, ba ɗagawa ba jan ƙaho. Maƙwabcina a garka ya gani, ya auna tasa motar, kuma na gaya masa inda zai zo. Nasa sai an ƙara faɗi da kauri, tunda shi awaki da maruƙa yake ɗauka.

Kafin damina ta sauka zan kawo dogon a sake duba hinjin a taɓa fentin, kamar yadda ka ce. Ka gaishe mini da yaran shago, musamman wanda ya kwance mahaɗin ya sake da wanda ya ba ni dabarar buhu. Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya ƙara kasuwa, Ya tsare hannuwanku daga kaifin zarto da wutar walda, Ya ba ka lafiya da tsawon rai.

Naka,
Mai garka a hanyar Mirriya,
Damagaram.