Minti ashirin na farko bayan abu ya ɓaci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan wata shawara da kowa ke bayarwa amma ba kasafai ake bayyana yadda ake aiki da ita ba, wato "yi haƙuri". Mota ta tashi ta bar mutum, a ce masa yi haƙuri. Waya ta suɓuce gilashinta ya fashe, yi haƙuri. Shugaba a wurin aiki ya dawo da rahoto ya ce a sake, yi haƙuri. Shawarar gaskiya ce, sai dai ta yi kama da a ce wa wanda ruwa ke ci "yi iyo" alhali ba a taɓa nuna masa yadda ake motsa hannu ba.

Kowace ƙaramar matsala tana zuwa da asara biyu. Ta farko ita ce ainihin abin da ya faru, kuma yawanci ya riga ya fi ƙarfinmu. Ta biyu ita ce wadda muke ƙarawa da hannunmu a mintunan da suka biyo baya, kuma sau da yawa ta fi ta farkon ciwo. A ɗauki ma'aikacin da ya shafe awa uku yana rubutu, kwamfuta ta ɗauke, aikin ya ɓace. Wataƙila asarar ba ta ma kai awa ukun ba, domin manhajojin rubutu da yawa suna ajiye kwafi da kansu bayan kowane 'yan mintuna. Amma bawan Allah ya daki tebur, ya yi ta danne-danne barkatai, da kwamfutar ta dawo ta nuna masa ɗan akwatin da ke tambaya ko a maido masa da aikin, ido rufe ya kawar da shi bai karanta ba. Abokin aiki ya leƙo ya ce "Lafiya dai?", ya daka masa tsawa. Ya koma gida, yaro ya zubar da ruwa a ƙasa, ya sha mari. Haushin kaza, huce kan dami. Wutar da ta ɗauke ta ci masa aikin minti goma, shi kuwa ya ci wa kansa na awa uku, ga abokin da sai an ba shi baki, ga yaron da bai san laifinsa ba.

Me ya sa mai hankali yake yin haka? A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙullutai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ana kiransu amigdala. Suna daga cikin sassan da ke gadin mutum: da zarar sun hango abin da ya yi kama da barazana sai su tayar da jiki tun kafin tunani ya gama tantancewa. Sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki. Masanin aikin jiki Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana wannan shiri tun 1915, shirin "ko faɗa ko gudu". Matsalar ita ce mai gadin bai cika bambance kare mai cizo da saƙon waya mai zafi ba. A wannan hali sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, mai auna magana da hango abin da zai biyo baya, aikinsa yakan yi rauni. Shi ya sa mutum kan ce "ban san lokacin da na faɗa ba", kuma ba ƙarya yake yi ba sosai. Sannan akwai sinadarin kotisol, da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, wanda ba ya kai ƙololuwarsa sai bayan kamar minti ashirin zuwa talatin. Wato ko da abin ya wuce, jiki bai gama sauka ba. Ba mamaki hadisi ya ce haƙuri yana wajen bugun farko.

To, me ake yi a wajen bugun farkon? Abu na farko shi ne mutum ya san alamarsa. Jiki yana yin gargaɗi kafin baki ya buɗe, kuma kowa da inda nasa ke fara bayyana: wani haƙoransa ke datsewa, wani kafaɗunsa ke ɗagawa, wani kunnuwansa ke ɗaukar zafi, wani cikinsa ke ƙullewa, wani kuma muryarsa ce ke sirancewa. A zaɓi alama ɗaya tak, wadda ta fi saurin zuwa. Wanda ya ce zai lura da komai, ba zai lura da komai ba.

Da an ji alamar, a tsayar da abu biyu: baki da yatsa. Kada a yi magana, kada a aika saƙo, kada a danna wani abu da ba ya komawa. Magana zarar bunu ce, saƙon waya kuwa ya fi ta muni tunda ana iya ajiye shi a nuna wa wasu bayan shekara. In a tsaye ake, a zauna. Sai numfashi: a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida. Numfashi ɗaya daƙiƙa goma ke nan, shida a minti, alhali babba a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Sirrin yana wajen fitarwar, domin a lokacin fitar da iska ne wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka ƙirji da ciki take taka wa zuciya birki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa zuƙar iska da ƙarfi da sauri da sunan "dogon numfashi". Wannan yana rage iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu su fara tsikari, mutum ya ƙara firgita. Wanda kuma sa ido a kan numfashi ke ƙara masa fargaba, akwai irinsu, ya mayar da hankalinsa kan tafin ƙafarsa da ke taka ƙasa, ko ya ƙirga abubuwa biyar da yake gani a ɗakin.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane suka fi rainawa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin: a kira abin da ake ji da sunansa, a zuci, da jimla gajera. "Ina jin fushi." "Tsoro nake ji." A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu fuskokin masu fushi da masu tsoro. Idan aka ce su zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, motsin amigdala yakan ragu, wani yanki na gaban ƙwaƙwalwa kuma ya ƙara aiki. Idan sunan mutum kawai aka ce su zaɓa wa fuskar, ba a ganin raguwa irin wannan.

Amma a nan akwai wurin tsayawa. "Raina ya ɓaci" buhu ne, komai ana zubawa a ciki. Sai an kwance bakin buhun. Wanda aka yi wa gyara a gaban jama'a yakan ɗauka fushi yake yi, alhali kunya ce ta sa rigar fushi. Wanda ɗansa ya yi dare a waje ya tarbe shi da faɗa, tsoro ne ya kwana a ƙirjinsa. Wanda ya yi saɓani da kowa da yamma, wataƙila gajiya ce kawai. Bambancin yana da amfani domin kowanne da abin da yake nema. Fushi na gaskiya yana nuna an tsallake wata iyaka, maganinsa a yi magana a kan iyakar idan an huce. Kunya tana buƙatar a raba kuskuren da darajar mai kuskuren. Tsoro yana son bayani: me zai iya faruwa, me zan yi in ya faru? Wanda ya ba kunya maganin fushi, sai ya tafi ya yi rigima da wanda ya gyara masa, ya dawo kuskuren na nan, ga sabon abokin gaba.

Daga nan sai a raba abin da ya faru da labarin da zuciya ta ɗora a kansa. Gwajin mai sauƙi ne: da kyamara ce a wurin, me za ta ɗauka? Za ta ɗauki cewa an aika saƙo ƙarfe tara, alamar an karanta ta fito, har ƙarfe biyu ba amsa. Ba za ta ɗauki "ya raina ni" ba, wannan fassara ce. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Ellis ya gina hanyarsa ta jinya a shekarun 1950 a kan wannan: tsakanin abin da ya faru da abin da aka ji akwai abin da mutum ya gaya wa kansa. A nemo wasu dalilai biyu da za su iya haifar da shirun, ko da ba a yarda da su ba. Yana taro. Ya buɗe yana tuƙi ya manta. Wataƙila dai rainin ne, ba a ce a yaudari kai ba, amma yanzu ya zama ɗaya cikin uku. A kuma yi hattara da kalmomin "kullum", "ko da yaushe" da "ba a taɓa ba". Da sun shigo, labari ne ke magana.

Idan lamarin da wani mutum ne, a ba shi lokaci. John Gottman, wanda ya daɗe yana nazarin saɓanin ma'aurata, ya lura cewa idan bugun zuciya ya haura kamar 100 a minti ana cikin gardama, sauraro yakan tsaya, kuma ya ba da shawarar hutun da bai gaza minti ashirin ba. Ana iya dubawa: yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Sai dai hutun yana da sharaɗi biyu. A faɗi lokacin dawowa, "Ka ba ni rabin awa mu ƙarasa", domin ficewa shiru wani nau'in mari ne. Sannan kada a shafe minti ashirin ɗin ana tsara martanin da za a mayar. Wanda ya yi haka zai dawo da zafin da ya fi na tafiyarsa.

Wannan ya kawo ni ga hanyoyi biyu da ake ɗauka magani ne. Ta farko haɗiyewa: a ɗaure fuska, a ce "ba komai". Gwaje-gwajen James Gross na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa a shekarun 1990 sun nuna cewa masu ɓoye abin da suke ji a fuska ba sa samun sauƙinsa a ciki, jikinsu ma ƙara tashi yake yi. Da yawa daga abin da ake yabawa da sunan haƙuri wannan ne, kuma shi ne ke fashewa wata rana a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta biyu amayarwa: wai a daki wani abu ko a yi ihu don zuciya ta yi sanyi. A 2002 masanin halayyar ɗan Adam Brad Bushman ya sa an fusata ɗalibai ta hanyar kushe rubutunsu, sannan wasu suka daki buhun dambe suna tuna wanda ya kushe su, wasu kuma suka zauna shiru na minti biyu. Masu dukan ne suka fito da fushi mafi yawa. Zama kawai ya fi.

Akwai kuma tarko na uku da ke kama masu niyya mai kyau, wato saƙa da warwara da sunan lura. Lura gajera ce, tana tambayar "me nake ji yanzu, a ina a jikina?", ta samu amsa ta wuce. Saƙa da warwara kuwa tambayarta "me ya sa kullum ni?", kuma ba ta da ƙarshe. In an ga tunani ya zagayo wuri ɗaya sau uku ba sabon abu, a tashi a kama wani aiki na hannu, ko a rubuta mataki ɗaya mafi ƙanƙanta da za a iya ɗauka yau: a kira mai gyara, a duba lokacin mota ta gaba, a buɗe wurin da manhaja ke ajiye kwafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin koyar da lura don rage damuwa da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts na mako takwas ne, da atisayen kusan minti 45 kullum, kuma ba kowa ke da wannan lokacin ba. Abin da kowa zai iya shi ne atisaye da ƙananan abubuwa: layi mai tsawo, intanet mai jan ƙafa, makullin da aka rasa inda aka ajiye. A ɗaura wa kai ƙa'ida mai siffar "in kaza ya faru, zan yi kaza": in na ji haƙorana sun datse, zan fitar da numfashi uku kafin in ce uffan. Da dare a ɗauki minti uku a rubuta layi uku: abin da ya faru, abin da na ji, abin da na yi. Bayan mako biyu za a fara ganin zaren, wataƙila duk rigingimun kafin a ci abinci ne, ko washegarin daren da ba a yi barci ba. Na barcin ba wasa ba ne: a wani gwaji na 2007 da masanin barci Matthew Walker ya jagoranta, amigdalar waɗanda aka hana barci dare guda ta yi motsin da ya zarce na masu barci da kusan kashi 60 cikin ɗari a gaban hotuna masu tayar da hankali.

Za a riƙa makara, musamman a farko. Sai an gama faɗan a tuna da numfashin. Wannan ma lura ce, da sannu za ta matso tsakiyar faɗan, sannan gabansa. Wanda ya makara ya nemi afuwa a ranar, da jimla ɗaya wadda babu "amma" a cikinta. Idan kuwa ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya zarce mako biyu kusan kullum, ko fushin ya kai ga duka, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, to lamarin ya wuce ƙirga numfashi, a ga likita ko ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wani mai bibiyar jaridarku.