Godiya ga Ma'aikatan Silimar Silverbird ta Accra Mall, daga Iyayen Yara a Nima

Zuwa ga manaja da dukkan ma'aikata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni malama ce a wata makarantar yamma a unguwar Nima da ke Akra, Gana, inda yara ke zuwa karatun Alƙur'ani bayan sun taso daga boko. Da yawun iyayen yaranmu na rubuto wannan wasiƙa, kuma na zaɓi in rubuta ta a fili da Hausa domin mutanen Zango su gani, tun daga Mamobi da Sabon Zango har Fadama da Madina. A cikinku akwai masu jin Hausa, sai su taimaka su karanta wa sauran. Yabon gwani ya zama dole, kuma alherin da aka yi wa ɗanka ya fi wanda aka yi maka zama a rai.

Silima ba baƙuwa ba ce a unguwarmu. Duk wanda ya tashi a Nima ya ji dattawa suna labarin Dunia, da Orion da ke Circle, da Rex da Opera a cikin gari, inda samari kan yi cincirindo don kallon fim ɗin Indiya da na dambe. Sai dai a idon iyayenmu mata, wancan wuri ne na samari da dare, ba inda uwa za ta ja 'ya'yanta ta kai ba. Da bidiyo ya shigo gidaje, waɗannan silimomi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wasu ma suka koma coci. Ku kuka buɗe a Accra Mall a 2008, amma mu muka daɗe muna wucewa ta Tetteh Quarshie a cikin trotro, wato motar haya, muna hangen ginin daga nesa, muna ɗauka wurin 'yan East Legon ne da masu motoci. Babu wanda ya taɓa ce mana kada mu zo. Mu ne dai ba mu zaci za a karɓe mu yadda aka karɓe mu ba.

A Babbar Sallar 2024 iyaye suka yi karo-karo, kowa ya turo abin da ya samu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, aka ce a kai yaran da suka yi ƙoƙari a hadda su ga silima a matsayin tukuici. Daga nan abin ya zame mana al'ada, duk sanda fim ɗin katun mai kyau ya fito kuma aljihu ya yarda.

Godiyata ta farko ga baiwar Allah da ke sayar da tikiti. Mun iso gabanta da ayarin yara, 'yan mata cikin hijabi, maza da huluna da kayan Sallah, kowa na magana lokaci guda. Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta kuma yi mana kallon waɗanda suka ɓata hanya ba. Na tambaye ta wanne ne ya dace da ƙanana, sai ta faɗa mini gaskiya. Akwai wani fim da manyan yaran suka nace sai shi, saboda hotonsa a bango ya burge su. Ta nuna mini shekarun da aka ƙayyade masa, ta ce, "Mama, wannan ba na ƙananan nan ba ne." Da ta yi shiru ta karɓi kuɗi, ba mai kama ta da laifi. Na san akwai hukumar fina-finai ta ƙasa da dokar 2016 ta ɗora wa aikin tantance fina-finai bisa shekaru, amma lambar da ke jikin takarda ba ta da amfani ga uwar da ba ta san ma'anarta ba, sai an samu mai tsayawa ya yi mata bayani. Da na ce mata ba na so Magariba ta riske mu a cikin duhu, ta duba jadawali ta lissafa mini lokacin da kowane fim zai ƙare, muka zaɓi wanda zai bar mu mu koma gida da ido.

Sai saurayin da ke tsaye a ƙofar shiga. Ƙaramin cikinmu bai taɓa shiga ɗaki mai girma da duhu irin wannan ba. Ana kashe fitila, sauti ya tashi, ya ƙanƙame ni ya fashe da kuka. Wannan saurayi ya haska mana hanya da 'yar tocila, ya mayar da mu kujerar da ke kusa da ƙofa, ya durƙusa ya ce wa yaron da Hausa, "Aboki, kada ka ji tsoro, ina nan bakin ƙofa." Kuma yana nan ɗin, don duk sanda yaron ya waiwaya sai ya ɗaga masa hannu. Allah ya yi wa mahaifiyarsa albarka, ta yi tarbiyya.

Fim ɗin da muka fara kallo shi ne Inside Out 2 na kamfanin Pixar, wanda ya fito daf da Sallar. Labarin wata yarinya ce mai shekara 13, Riley, da halittun da ke cikin kanta masu wakiltar farin ciki da baƙin ciki da fushi da tsoro. Da ta fara girma sai sababbi suka shigo, babbarsu ita ce Fargaba, ta ƙwace ragama. Ra'ayin yara ya rabu gida biyu tun kafin mu kai tashar mota. Maza suka ce surutu ya yi yawa, ba faɗa, ba gudu, kuma wasan da yarinyar ke bugawa a kan ƙanƙara ba su gane kansa ba. Su a wurinsu Kung Fu Panda 4 ne fim. 'Yan matan kuwa tsit suka yi.

Ɗaya daga cikinsu tana shirin rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare a watan Yuli na shekarar. Yarinya ce mai kunya, da wuya ka ji muryarta in ba a karatu ba. A cikin trotro ta matso kusa da ni ta ce, "Malama, abin nan da ya sa ƙirjin yarinyar ya riƙa bugawa ta kasa numfashi, ni ma yana yi mini da dare." Na yi shekaru ina koyar da ita, ban taɓa sanin haka ba, mahaifiyarta ma ba ta sani ba. A gidajenmu yaro ba ya zama ya ce wa babba zuciyarsa na bugawa don tsoron faɗuwa jarrabawa. In ma ya faɗa, sai a ce ya yi addu'a ya kwanta. Addu'a kuwa gaskiya ce, ita muka fara koya mata, amma sai da muka san ciwon sannan muka zauna da uwarta aka rage mata aikin gida da dare, aka daina ja mata kunne kullum a kan kada ta ba da kunya. Ina da abin da zan ce game da fim ɗin: an nuna zuciyar mutum tamkar ba ta da wani mai lura da ita sai ita kanta, iyaye na gefe, ambaton Allah babu. Wannan na faɗa wa yaran a aji, kuma sun fahimta. Duk da haka ba zan hana shi haƙƙinsa ba, shi ne ya buɗe bakin yarinyar nan.

Wanda ya fi tayar da muhawara shi ne The Wild Robot na DreamWorks, da ya fito a ƙarshen Satumba na 2024. A wannan tafiya muka ɗauki wata Hajiya, kakar biyu daga cikin yaran, wadda rabonta da silima tun zamanin Dunia tana amarya. Ƙafarta na ciwo, sai wani ma'aikacinku ya riƙe mata hannu, ya bi da ita a hankali har kujera, yana ce mata "Sannu, Hajiya" a kowane taki, bai gaggauta ta ba ko da yake mutane na jira a baya. Ba ta jin Turanci, amma ba ta nemi a fassara mata komai ba. Labarin mutum-mutumi ne mai suna Roz da ya faɗo wani tsibiri da ba mutane, ya murƙushe sheƙar dinya bisa kuskure, ƙwai ɗaya ya tsira. Da ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya ɗauki injin a matsayin uwa, dole ta koya masa ci da iyo da tashi kafin lokacin ƙaurar tsuntsaye ya zo.

Hajiya ta yi hawaye a wurin da ɗan dinyar ya tashi ya bar uwar riƙonsa. Ita ma ta riƙi 'ya'yan ƙanwarta da ta rasu, ta aurar da su, sun tafi. Da muka fito ta ce wanda ya tsara labarin nan ya san riƙon maraya, domin ya nuna ranar da ɗan riƙo ke ce maka ke ba uwata ba ce, ya kuma nuna cewa ba a fasa riƙo don wannan maganar. Wani babban ɗalibinmu ya ƙi yarda. Ya ce inji ba shi da rai, ba shi da tausayi, abin da aka ɗura masa kawai yake yi, don haka yaudarar yara ake yi. Wata ta ce masa ai Gizo ma ba ya magana, amma ba wanda ya taɓa cewa tatsuniya yaudara ce. Wani kuma duk bai damu da wannan ba, shi dai dilan nan mai wayo ne gwaninsa. Yaron mota ma sai da ya sa baki kafin mu sauka. Washegari malamin babban aji ya ɗauko hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna, yara suka saurara da kunnen da ban saba gani ba. A nawa ganin, cikin duk abin da muka kalla babu kamar wannan, a zane da kuma a labari.

Moana 2 kuwa bai kama zukata haka ba. Ƙananan sun ji daɗin teku da launuka, manyan da suka san na farko suka ce waƙoƙin ba su kai ba, labarin kuma a warwatse yake. Maganar gumakan mutanen tsibiri da ke ciki ta sa na yi musu bayani tun a hanya cewa almarar wasu al'umma ce, a kalla a san yadda suke ba da labari, ba a ɗauka ba.

Na san wasu iyaye a Zango har yanzu suna ɗari-ɗari da silima, kuma ba na ganin laifinsu. Abin da zan ce musu shi ne, yaran nan suna kallo ko mun so ko ba mu so, a wayar yayansu, a lungu, su kaɗai, ba mai tace musu. A silima kuwa ina zaune kusa da su, na ga abin da suka gani, na ji inda suka yi dariya da inda suka yi shiru, kuma ina da bakin magana bayan an fito. Tafiyar ba ta da arha. In ka haɗa kuɗin mota da tikiti da gugguru, uba mai sayar da tsire ko uwa mai koko da ƙosai sai sun yi tanadi na makonni. Shi ya sa mutuncin da kuka yi wa yaranmu ya yi mana nauyi. Kuɗin da aka tara da gumi aka kawo muku, kuka karɓe shi da fuska irin wadda kuke karɓar na kowa.

Kada in manta da masu shara. Yaranmu sun zubar da gugguru a ƙasa, na tsayar da su su tsince, wata mai shara ta yi murmushi ta miƙo musu leda, suka yi aikin tare. Ita ce kuma ta biyo mu har waje da hular wani yaro da ta faɗa ƙarƙashin kujera, hular da babansa ya saya masa don Sallah.

Ina da roƙo guda, roƙon wanda ya ji daɗi yake neman ƙari. In hali ya yi, ku nemo mana katun na Afirka ku haska a babban allo. A 2024 Disney tare da kamfanin Kugali sun fitar da Iwájú, labari mai kashi 6 da aka gina a kan birnin Legas na nan gaba, kuma yaran da suka gan shi a waya sun yi ta murnar ganin kasuwa da cunkoson motoci irin waɗanda suka sani. Ƙasar da ta haifi Ananse, gizon tatsuniyoyin Gana, da al'ummar da ta tashi da Gizo da Ƙoƙi, ba su rasa labari ba. Kamfaninku ma ɗan Afirka ta Yamma ne, daga Nijeriya ya faro, don haka muna ganin ku ne kuka fi dacewa ku buɗe wa matasan masu zane na Gana wannan ƙofa. In kun sa irin wannan a ranakun Sallah da hantsi, za mu cika muku ɗaki daga Nima kaɗai.

Manaja, ban san sunayen waɗannan ma'aikata ba, amma kai ka san masu aiki a teburin tikiti da bakin ƙofa da masu shara. Don Allah ka kira su ka faɗa musu iyayen Nima sun gode, kuma in ana duba ƙarin girma ka tuna da su. Hajiya ta ce a gaishe da yaron da ya riƙe mata hannu, tana sa masa albarka.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka, ya tsare ku da iyalanku, ya saka muku da alheri.

Taku,
Malamar makarantar yamma, a madadin iyayen yara,
Nima, Akra.