Kawu ya buɗe wa ɗansa shago, ni har yau ana ce mini in ƙara haƙuri

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Don Allah a sakaya sunana, domin 'yan gidanmu ma suna sauraron shirin nan.

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, kuma ubangidana ƙanin mahaifiyata ne. Ina gama sakandare ta kama hannuna ta danƙa masa. A gabanta ya ce idan na iya kasuwa, na riƙe amana, zai sallame ni da jari kamar yadda nasa ubangidan ya yi masa. Ba a rubuta komai ba, ba a kira shaida ba, ba a kuma yanka lokaci ba. Wa zai ce wa kawunsa ya sa hannu a takarda? Yau sama da shekara goma ke nan.

Albashi dai babu, kamar yadda aka saba. Ana ba ni kuɗin abinci da na mota, a ɗinka mini kayan sallah, kuma da na tashi aure shi ya biya sadaki ya kama mini hayar shekara guda. Ban manta ba. Amma mukullin sito yana hannuna, ni nake lissafin dilolin atamfa da shadda, ni nake bin bashi, ni nake raka 'yan dako tasha idan za a tura kaya Maraɗi ko Damagaram. Da shago ɗaya na same shi, yanzu uku ne.

Duk lokacin da na tayar da maganar sallama, akwai dalili, kuma abin da ya fi ɗaure ni shi ne dalilan gaskiya ne. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwa, mun kwashe jiƙaƙƙun kaya da hannunmu, ya ce in bari a farfaɗo. Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, ciniki ya tsaya cik. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yulin shekarar aka rufe iyaka, kwastomominmu na can suka ɗauke ƙafa sai da aka buɗe a Maris ɗin 2024. Dala kuma ta haura naira 1,500, kuɗin da a da zai sari dila uku ya koma da ƙyar ya sari ɗaya. Na ga duk wannan da idona, shi ya sa na yi shiru.

Sai ga shi bayan ƙaramar sallah ɗansa ya gama bautar ƙasa, aka kama masa shago a layinmu, aka cika shi taf da kaya. Ni aka sa na zaɓo masa kayan, Malam, ni na jera su. Yaron ba shi da laifi, yana girmama ni, Yaya yake ce mini, amma har yanzu idan mace ta ɗaga turmi ta tambayi kuɗinsa sai ya leƙo ya tambaye ni. Ashe dai akwai kuɗin. Dalar da ta hana a sallame ni ba ta hana a buɗe masa ba.

Na san dukiyarsa ce, kuma uba yana da ikon yi wa ɗansa kyauta. Wani abokina da ya karanci shari'a ya ce mini ko dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, balle ni da ba a taɓa kira na ma'aikaci ba. To amma alƙawari fa? Muna jin malamai suna karanta hadisin da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Ni ban san matsayina ba: idan maganar aiki ce ni yaro ne, dole in buɗe shago kafin kowa, idan maganar haƙƙi ce sai a ce ai ni ɗa ne, ɗa kuwa ba ya lissafi da ubansa.

Da na kai wa mahaifiyata kuka, hawaye ta yi, ta ce kada in raba ta da ɗan'uwanta, shi ke kai ta asibiti. Matata kuma tana da ciki na biyu, mai gidan haya ya ƙara kuɗi.

Ga inda na fi buƙatar shawararka. Wani babban ɗan kasuwa ya yi mini tayin ya riƙa ba ni kaya bashi, in sayar in biya. Na san ba don kyan fuskata ba ne, ya san yawancin masu sarin kawu lambata suke da ita, ni suke kira, wasunsu ma ba su taɓa ganin kawu ba. Idan na tafi suka biyo ni ba tare da na kira su ba, na ci amana? Ko kuwa wannan shi ne kaɗai jarin da na tara a shekarun nan?

Wasu sun ce in kai maganar wurin shugabannin kasuwa, wasu sun ce Hisba tana yin irin wannan sulhu. Ni kuwa ina jin ranar da aka aika wa kawu takardar kira a kaina, ranar zumunci ya yanke. Na fi karkata ga in sami dattijo ɗaya da kawu yake jin nauyinsa, mu zauna mu uku, in roƙi kawu ya faɗi watan da zai sallame ni da adadin jarin, ko kaɗan ne. Idan ya sake cewa in ƙara haƙuri, ya halatta in ajiye masa mukullinsa in karɓi tayin can? Kuma wace magana zan fara gaya wa mahaifiyata kafin ta ji a bakin wani?

Allah ya ƙara basira.

Naka mai sauraro,
Wani yaron shago daga Kano